Shanyewar ɓarin jiki: likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Yanzu ya ji sauƙi har yana zuwa masallaci da sanda, sai ya ce ya gaji da shan ƙwayoyin hawan jini. Mu ƙyale shi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma kada ku ƙyale shi. Wanda ciwon ya taɓa kamawa ya fi kowa haɗarin ya sake dawo masa, kuma hawan jini ne babban sanadi. Ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Ƙwayar ce ke danne shi, ranar da aka ajiye ta sai ya hau a ɓoye, ko ciwon kai ba lallai a ji ba. Da yawa daga waɗanda ake dawo mana da su a kwance ba rasa magani suka yi ba, garau suka ji sai suka ajiye. Ku sayi na'urar awo, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi. Idan yana kai 140/90 ko sama, ku kawo shi kafin ranar da aka ba ku.

Sai maganar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafi. Da Hajiya za ku yi wannan maganar, ita ke riƙe da tukunya.

Tambaya: An ce asfirin na hana ciwon. In fara sha?

Amsa: A'a, Malam, sai likita ya rubuta maka. Ciwon iri biyu ne: toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, da fashewarta. Asfirin na taimaka wa mai toshewa, mai fashewa kuwa zubar jinin zai ƙara masa.

Tambaya: Bakin yayata ya karkace, maganarta ta sarƙe, bayan minti goma komai ya koma daidai. An ce iska ce.

Amsa: Ba iska ba ce, 'yar'uwa, gargaɗi ne. Jini ya tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwa ya sake wucewa, kuma babban ciwon na iya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Ku kai ta asibiti yau, a duba jininta, sukari, kitse da bugun zuciya. Idan ya sake faruwa, ku lura da lokacin da ya fara, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada ku ɗura mata ruwa ko rubutu a hanya, za ta iya shaƙewa.