Abin da ya sa na hana a haƙa harsashin aji shida

Jiya muna wanke kwanon siminti ka jefo min tambaya. Ka ce: "Maigida, kwamitin gari aji shida suke so, kai kuma ka kafe a kan aji biyu da ofis. Ba mu ne aikinmu zai ragu ba?" Magariba ta kawo jiki, ban amsa maka ba. To zauna ka ji.

Ni na ga littafin ma'aji da idona. Abin da ke ciki na kaka ne: magidanta sun auno gero da riɗi an sayar, 'yan garin da ke nema a Kano da Legas sun turo nasu, an yi gidauniya bayan sallar Juma'a sau biyu. Kuɗi ne na gumi, amma in ka shimfiɗa shi a kan aji shida ko linta ba za mu kai ba.

Yi lissafin da kanka, ai na koya maka. Aji mita 7 ne da 8. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10, to aji guda da harsashinsa zai lashe wajen bulo 1000 mai inci 9. Buhun siminti mai kilo 50, in ana son bulon kirki, kada ya wuce 30. Ka ga buhu talatin da 'yan kai sun tafi a buga bulo kawai, ba a zo maganar rodi da tsakuwa da daɓe da filasta ba, balle katako da bandir ɗin kwano. Wanda ya ce maka zai fitar da 50 a buhu, yashi zai sayar maka. Ka sa farce ka karci bulon, za ka ga yana zuba kamar garin rogo.

Na taɓa biye wa irin wannan buri, shi ya sa nake taurin kai yau. A wani gari ne can wajen Haɗeja, ina da ƙuruciya. Muka ja ginin aji shida har taga, kuɗi ya ƙare, aka ce a jira kaka mai zuwa. Ƙasar wurin laka ce, da rani ta tsage, da damina ta kumbura. Ruwa ya kwanta a cikin ɗakunan da ba rufi, ya jiƙa harsashi. Da na koma bayan shekara biyu, awaki na tarar a ciki, bango ya dare har hannuna yana shiga, yaran kuma suna nan gindin darbejiya inda na bar su. Har yau in an nuna kangon, sunana ake kira, ba na kwamiti ba.

Ka ji wani dattijo yana cewa gwamnati za ta ƙarasa. Allah Ya sa. Amma ka san yadda kuɗin yake tafiya: dokar 2004 da ta kafa hukumar UBEC ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Daga nan SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ce ke zaɓen inda za a yi aiki. Takardar garinmu sai ta bi ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ga garuruwa da yawa a layi. Ni dai ban taɓa auna harsashi da alkawari ba. Kuma a ganina, jami'in da ya zo ya tarar da aji biyu cike da yara ya fi saurin jin kunya ya turo malami, a kan wanda ya tarar da kango.

Fili kam na ce su gama da shi kafin mu kafa turke: takarda, hannun dagaci, hannun duk magadan gonar.

Shatar aji shida za mu yi, biyu za mu gina. A ƙarshen bango za mu bar haƙoran bulo da kan rodi, duk shekarar da aka samu hali a ɗora. Tagogi su dubi kudu da arewa, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, rana ma ba za ta dafa yara ba. Katakon rufi a shafe shi da baƙin mai saboda gara, a ɗaure shi da rodin da muka binne a linta, ba ƙusa kaɗai ba, don iskar farkon damina ba ta san makaranta ba. Na kuma sa su cire kuɗin banɗaki biyu tun yanzu, na mata daban, nesa da rijiya. In babu shi, yarinya na fara girma za ta daina zuwa.

Yashi da ruwa aikin gayya ne, matasa sun ɗauka. Ban ruwan bulo kuwa naka ne, safe da yamma har kwana bakwai, don hunturun nan yana busar da siminti tun bai kama ba. Gobe bayan asuba ka zo da igiya da turaku da tef, ka biya ka taso ma'aji, ina so a ja layin a gabansa.