Aya-aya ta mamaye min ciyawar gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Bara na sa aka dasa min ciyawar kafet a gaban gida da ɗan lambun alayyahu a baya, to tunda damina ta sauka aya-aya ta bi ko'ina, yau yara su tuge ta kafin sati ya zagayo ta dawo kamar ba a taɓa ba. Ya zan yi da ita?
Mai karatu daga Hotoro, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai tugewar nan da yara suke yi ganye kawai suke cirewa, ita kuwa aya-aya ranta a ƙasa yake. Ki sa a haƙa miki guda ɗaya ki gani, za ki tarar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a jere jikin wata siririyar jijiya, kowacce tana iya tsirowa da kanta, in jijiyar ta tsinke ma sai waɗanda suke kwance su taso gaba ɗaya, shi ya sa kike ganin kamar ƙaruwa take yi.

Yanzu da damina abin da za ki iya shi ne kar a bar ta ta yi ƙarfi, duk sati biyu a bi ta da fartanya tun tana ƙarama, a hankali ƙwayoyin suke ƙarar da abincin da suka tara. Babban aikin sai bazara, daga Maris zuwa Mayu lokacin da ranar Kano take ƙuna. A daina ba wa lambun ruwa, a kafce shi kamar zurfin taƙi ɗaya, a tsince abin da ya tsintu, sauran a bar wa rana, bayan kwana biyu a sake juyawa. Wanda aka tsince a shanya a ƙone, dan Allah kar a zuba cikin taki.

Maganin feshi irin su gilaifoset gaskiya ban so miki shi kusa da alayyahun da yara za su ci, kuma ba ya zaɓe, har kafet ɗin zai ƙone. In ya zama dole a sa safar hannu a shafa da soso a ganyen aya-ayar kawai.

Sannan mai aski ya daina yi wa ciyawar ƙwal-kwabo, aya-aya ba ta son inuwa. In za a ƙara kawo miki ƙasa a tifa kuma, a tankaɗe ta kafin a baza.