Tambaya da Amsa: Tsohuwar Motar Zango da Doguwar Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sayen motar zango, irin mai gado da murhu da tankin ruwa a ciki, domin doguwar tafiya da iyalina. An nuna min guda biyu, duka Fiat Ducato ƙirar farkon shekarun 2000. Ta farko ba ta kai kilomita 90,000 ba, cikinta fes, amma ta shekara huɗu a ajiye. Ta biyu ta haura kilomita 240,000, kujerunta sun koɗe, sai dai mai ita yana da takardun duk gyaran da aka yi mata, kuma har watan jiya tana kan hanya. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ta biyun zan fara sa wa ido. Zama ya fi tafiya cinye mota. Wadda ta shekara huɗu ba a tayar da ita ba, robobinta sun bushe, birkinta ya cije, man birki ya sha danshi, dizal ɗin da ke tanki ya tara ruwa da dauɗa. Ranar saye ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai ka yi nisa da gida injin ya ɗau zafi, sannan su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa Ducato tun fitowarta a 1981 motar lodi ce, kuma injinta na dizal yana jure kilomita masu yawa muddin ana yi masa juye a kan kari.

Amma kada ka biya kuɗi a kan kowacce sai ka bincika yoyo. A nan ne aka fi tafka asara. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci, katako ne a tsakanin bangon waje da na ciki. Ruwan sama yana shiga ta gefen taga ko ta bakin tagar rufi inda gam ya tsufa, ya yi ta jiƙa katakon shekara da shekaru ba wanda ya sani. Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙi iskar ciki tukuna. Warin rima ba ya ɓoyuwa, kuma idan ka ji an cika motar da turare, ƙara zuba ido. Buɗe durowoyin sama, sa babban yatsa ka danna kusurwoyi da ƙasan kowace taga. Bango lafiyayye tauri gare shi. In ya lotsa, ko ka ga tabo baƙi-baƙi, ruɓa ta riga ka zuwa. Taka daɓen motar lungu-lungu ka ji ko akwai inda yake nutsewa. Sannan ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka ƙwanƙwasa shasi da bakin sukundireba. Tsatsar da ta tsaya a sama ana kankare ta, wadda ƙarfe yake ɓarewa fallefalle kuwa ka haƙura da motar. Ana iya sauke inji a sa wani, amma gyaran ruɓaɓɓen bodi yakan zarce darajar motar kanta.

Sai belin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji. Injunan Ducato na wancan zamani da bel suke aiki, kuma idan ya tsinke ana cikin gudu, fistin kan daki bawul, inji ya tashi aiki. Shekaru suna kashe shi kamar yadda kilomita ke kashe shi, don haka ka nemi rasit mai kwanan wata. In babu, ko ya kai shekara biyar, a canja shi tare da fulin da ke ɗaure shi kafin ka je ko'ina. "Ai kwanan nan aka canja" ba shaida ba ce.

Tambaya: Tayoyin motarmu har yanzu zanensu bai suɗe ba, amma makanike ya ce mu canja kafin tafiya. Anya ba ciniki yake nema ba?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa miki, kuma za ki iya tabbatarwa da kanki. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar ƙira. Idan kika ga 2317, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2017. Tayar motar zango ba ta cika suɗewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana na dukan ɓangare ɗaya, nauyi na danne wuri ɗaya. Zane mai kyau a kan tsohuwar roba kyan ɗan maciji ne. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin suna ba da shawarar a riƙa duba ta duk shekara idan ta kai biyar, kada kuma a wuce shekara goma da ita komai kyawunta. Ni a motar da za ta ɗauki iyali da kaya, in ta kai shida ko bakwai, ko na ga tsattsagewa a gefe, canjawa nake cewa a yi. A haɗa da safaya, ita ce ake mantawa.

In za a saya, a nemi mai harafin C ko CP bayan lambar girma, waɗannan su ne na ɗaukar nauyi. Kuma ku hau sikelin manyan motoci bayan kun gama lodi. Yawancin motocin nan iyakarsu kilo 3,500, yana nan rubuce a farantin ƙarfe a jikin motar, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 100 a cike ya fi babban mutum nauyi.

Tambaya: Kuɗin hannuna ba su da yawa. Ina so in sa sola da batirin litiyom don firiji da fitilu. Ko akwai abin da ya fi wannan gaggawa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka ka fara da shi. Na farko man birki. Yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155. A doguwar gangara da mota mai nauyi, wannan tazarar ita ce ke sa ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa. Ko da sabon mai ma, ka riƙa sauka da ƙaramar giya inji ya riƙe motar.

Na biyu hanyar ruwan inji: tiyon lagireto da ya kumbura ko ya yi laushi, murfin lagireto, da fanka. Na uku gas. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ake barin kafa a gindin akwatin tukunya. Kada a toshe ta da kaya. Ka kuma sayi na'urar ƙararrawa mai gano iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Kada a taɓa ɗumama cikin motar da murhun girki.

Batir zai iya jira. Irin na dalma yana daɗewa idan ba ka barinsa ya sauka ƙasa da rabi: cikakke yana nuna wajen bolt 12.7, rabi kuwa wajen 12.1. Ranar da za ka koma litiyom, sa cajar DC-DC, wadda ake sawa tsakanin altaneta da batir, a lissafi, don haɗa batirin kai tsaye yana iya ƙona tsohuwar altaneta.

Tambaya: Waɗanne kayan gyara zan tafi da su?

Amsa: Fambel, fis, ƙwan fitila, matatar dizal, baƙin mai, ruwan lagireto, ƙulle-ƙullen tiyo, na'urar awon iskar taya, da jak wanda zai iya ɗaga motar tana ɗauke da kaya. Gwada kwance notin taya tun a gida. Kafin babbar tafiyar, yi gajeriya ta kwana biyu da cikakken lodi, ka bi hanya mai hawa idonka na kan gejin zafi. Idan allurar ta tashi, kunna hita har ƙarshe ta janye zafi, ka faka, kada kuma ka taɓa murfin lagireto sai injin ya huce.