Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan iskar tayar motar Kwatano

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin halin da kake ciki, na sayo Corolla daga Kwatano babu littafinta kuma kowane mai faci da irin iskar da yake ce maka a sa, shi ne na taɓa shiga da tawa motar.

Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da take rufewa a kansa. Akwai ƴar takarda da kamfani ya liƙa, wadda ta nuna girman taya da iskar gaba da ta baya, har da abin da ake ƙarawa idan mota ta ɗauki kaya. Wasu motocin, musamman na Jamus, a cikin murfin tankin mai take. Motar Turai da ma'aunin bar ake rubuta mata iskar, wanda masu facinmu ke ce wa kilo, ta Amurka kuwa da psi, kuma bar 2.2 ya yi daidai da psi 32. Lambar da ke jikin tayar kanta, kamar psi 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka take so ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani mai faci a bakin hanyar Maradi. Cikin zafin watan Afrilu ne, mota cike da iyali da kaya, na tsaya ya duba mini tayoyi. Ya ɗora ma'auninsa, ya ce iska ta yi yawa kuma kwalta za ta fasa su, nan take ya danna bakin kowace taya ya sace mata iska, yana magana kamar wanda ya ƙera motar. Ba mu yi nisa da Takeita ba tayar baya ta fashe. Motar ta riƙa jan mu zuwa gefe, yara suna ihu, mahaifiyarsu tana salati, ni kuma na ƙanƙame sitiyari ban taka birki ba har Allah ya tsayar da mu cikin rairayi. Da na taɓa robar da ta yage, hannu ba ya iya zama a kanta. Mutumin nan ya karɓi kuɗina, kuma na tabbata har gobe haka yake yi wa bayin Allah.

Taya mai zafi dole iskarta ta hau da kamar bar 0.2 ko 0.3, wannan ba laifi ba ne. Wadda iskarta ta gaza ita ce take lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Don Allah ka riƙa aunawa da sassafe kafin mota ta motsa, kuma ka sayi ƙaramin ma'auni naka.

Ka duba shekarun tayoyin ma. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya mako ne da shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Da yawa motocin nan da tayoyin hunturun Turai suke zuwa, masu alamar dutse da ƙanƙara, kuma zafin Damagaram yana cinye su da wuri. Idan takardar iskar da kamfani ya liƙa ta goge, ka nemi mai irin motarka shekara ɗaya da girman taya ɗaya ka kwafi tasa, ko ka bincika a intanet. Kada ka manta da tayar safaya, ita ma tana sacewa a inda take kwance. Allah ya tsare hanya.