Kiwon zuma da kuɗin shago: amsa ga wani ɗan uwa daga Jos

Wani ɗan uwa mai shagon kayan masarufi a Terminus ya turo min tambaya, yace yana da ɗan fili ta wajen Mista Ali, yana sha'awar kiwon zuma, kuma yana so ya ciri naira dubu 400 daga jarin shago ya sa kafinta ya buga masa akwati ashirin a tashi ɗaya, wai ya gani a Facebook ance zuma ba a ba ta abinci ba a yi mata allura, riba ce zalla. Yace me na gani?

To Malam, gaskiya zan faɗa maka, kar ka taɓa kuɗin shagon nan. Sha'awar taka mai kyau ce, lissafin ne da gyara.

Ita zuma ba kaza bace da zaka je ka sayo 'yan tsaki ɗari ka ƙirga sati shida ka kai kasuwa. A nan wajenmu yawanci akwatin ake ajiyewa a shafa masa kakin zuma a ciki, sai a jira ƙudan su shigo da kansu, kuma babu wanda ya isa ya sa musu rana. Zaka iya ajiye ashirin guda shida su shiga, sauran gizo-gizo da ƙadangare su tare a ciki, kaga kuɗin da ya kamata yana juyawa a sukari da taliya ya koma katako yana shan rana a daji. Sannan zumarmu ta Afirka tana da halin ƙaura, in tururuwa ta dame ta ko ka cika buɗe-buɗe ko babu ruwa kusa, wata safiya kawai zaka tarar sun kwashe sun bar maka fanko.

Da ni ne kai, da uku zan fara. Ba ɗaya ba, don in suka gudu shikenan zuciyarka ta mutu, kuma da uku kana iya gwada wannan da wancan ka gane wanda ke da matsala. Ka nemi irin akwatin da ake cewa na Kenya, dogo ne kamar kwami, ana jera 'yan sanduna a samansa kowace sanda zuma ta rataya saƙa ɗaya a jikinta. Ya fi ɗaya irin akwatin da ake cewa Langstroth araha kuma ba ya buƙatar injin tatsa. Katako ka shiga kasuwar Katako ka zaɓi busasshe da kanka. Amma dan Allah ka tsaya a kan kafintan nan wajen faɗin sandunan, milimita 32 zuwa 33 ake so, in ya yi maka "ai duk ɗaya ne" to saƙar zata haɗe da juna, ranar da ka zo ɗagawa sai ta yage, ga zuma na zuba ga harbi.

Abin da mutane ke ƙyashin saya shi ne ya fi muhimmanci: riga mai ragar fuska, safar hannu, dogon takalmin roba, da abin busa hayaƙi. Ka saya kafin ma akwatin. Kuma in ka san harbi ɗaya na sa jikinka ya kumbure ko numfashi ya yi maka wuya, ka ga likita tukuna, wannan ba wajen nuna jarumta bane.

Sai maganar fili. Ka duba da kyau, akwai gidaje kusa? hanyar yara 'yan makaranta ko burtalin shanu? Domin ranar da suka fusata suka far wa akuyar wani ko ɗan wani, ribar shekara uku ba zata biya rigimar ba. Ka duba masu lambun kabeji da tumatir ma, feshin maganin ƙwari yana kashe zuma sosai, kuma kasan yadda ake feshi a yankin nan namu. Wuri mai inuwa kake so, kusa da ɗorawa, kaɗanya, mangwaro ko itacen turare, ka ɗora akwatin a kan ƙafar ƙarfe ka shafa baƙin mai saboda tururuwa, ka share ciyawa kewaye kafin a fara ƙona daji, ka ajiye musu ruwa a kasko da 'yan tsakuwa a ciki. Ƙarshen damina ne lokacin ajiye akwati, ɗiba kuma cikin rani kafin ruwa ya sauka. Shekarar farko kar ka sa ta a lissafin riba ko kaɗan, ka ɗauka kuɗin koyon sana'a ka biya. In akwai wani dattijo mai amya a ƙauyen, ka bi shi ɗiba ko sau biyu ne, ka riƙe masa bokiti.

Yanzu ga inda ɗan kasuwa ya fi manomi. Kai kana da shago, kana da kwastoma, kuma babbar matsalar zuma a kasuwa rashin yarda ce, kowa tsoron a sayar masa da narkakken sukari yake. To tun kafin taka ta fara bayarwa ka ware kamar dubu hamsin daga ribarka, ka samu mai amya ɗaya amintacce, ka sayi zuma da saƙarta a gabanka, ka zaɓi wadda ƙudan suka rufe bakinta da kaki don ita ce ta nuna, wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa tsami take yi. Ka tace da kyalle mai tsabta ba tare da ka ɗora a wuta ba, ka zuba a ƙananan kwalabe ka ajiye a kan kantar shagonka. Da sanyin Jos wata zata daskare, ka riƙa yi wa mutane bayani cewa zuma ta gaskiya ma tana yin haka. Kakin kuma kar ka zubar, shi zaka shafa wa akwatunanka, ragowar masu man shafawa na saya. In har ka kai ga buga lakabi da sunanka kana kaiwa manyan kantuna, sai ka je NAFDAC ka yi rajista.

In akwati ukun nan suka shekara da zuma a ciki, kwalaben shago kuma suna ƙarewa, to ka ƙara biyar daga kuɗin zumar. Ka turo min hoton filin da abin da ke kewaye da shi in duba maka inda zaka ajiye su.