Amsa ga mai sayen gida a Katy: inshorar ambaliya kafin karɓar makulli

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya sa ka shiga a sa'a. Na ga tambayarka: za ka sayi gida a wajen Katy, yamma da Houston a jihar Texas ta Amurka, za a sa hannu a ƙarshen Agusta, dillali ya ce gidan yana Shiyyar X, wato yankin da taswirar ambaliya ta gwamnati ba ta sa cikin mafi haɗari ba, don haka banki bai tilasta maka inshorar ambaliya ba, kuma aljihu ya yi sauƙi bayan kuɗin kafin alƙalami. Kana so ka ji ko za ka iya bari sai lokacin guguwa ya wuce.

Kada ka bari. Ka yi inshorar gida da ta ambaliya duka biyu, kuma ka kammala su tun yanzu, ba a makon sa hannu ba.

Lokacin guguwar teku a nan daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da za ka tare. Abin da sababbin masu saye ba su cika sani ba shi ne, da zarar an ga guguwa ta doso gaɓa, kamfanonin inshora sukan rufe rajista. Ba sabuwar inshora, ba ƙarin kariya a kan tsohuwa, sai hadarin ya wuce. Kowane kamfani da ƙa'idarsa: wani sai an fitar da gargaɗi, wani tun guguwar na shigowa mashigin tekun Meziko. Banki kuwa ba zai saki kuɗi ba sai ya ga shaidar inshorar gida. Na ga wanda aka ɗage masa ranar sa hannu saboda haka, ga wa'adin gidan haya ya cika, ga kaya a ɗaure, ga yara. Saboda haka ka ce wa ejan ɗinka ya ƙulla inshorar yanzu, ranar fara aikinta ta zama ranar da za ka sa hannu. Farashin da aka rubuta maka a takarda ba inshora ba ne. Sai an ƙulla an ba ka shaida.

Sai babbar maganar. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya taso daga ƙasa. Idan iska ta yaye rufi ruwan sama ya zubo ta sama, wannan nata ne. Idan ruwa ya cika titi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ko sisi ba za su ba ka ba, ko da guguwa ɗaya ce ta kawo duka biyun. Wannan sai inshorar ambaliya, wadda akasari ake yi ta shirin gwamnatin tarayya na NFIP, wanda aka kafa a 1968, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA ke gudanar da shi. Ejan ɗin da ya yi maka ta gida zai iya yi maka ita.

Ita wannan tana da jiran kwana 30 kafin ta fara aiki. Amma ga damar da kake da ita yau: idan ka saye ta tare da bashin sayen gidan, ka cike takarda ka biya kafin ko a ranar sa hannu, babu jira, tana fara aiki nan take. In ka bari ranar ta wuce, sai ka ƙirga kwana 30 cur, kuma Satumba ke nan. Wanda ya saya da tsabar kuɗi ba bashi, shi dole ya jira.

Batun Shiyyar X kuma, "ba a tilasta ba" magana ce tsakaninka da banki, ba tsakaninka da ruwa ba. Ina nan garin lokacin guguwar Harvey, a Agustan 2017. An yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, wasu sassan Houston suka sami sama da inci 40, a kusa da garin Nederland, gabas da Houston, ma ya haura inci 60. Fiye da rabin gidajen da ruwa ya shiga a gundumar Harris suna wajen yankin da taswira ta ce mai haɗari ne. Ɓangaren da kake nema ma ka lura da kyau: madatsun Addicks da Barker sun cika har ruwa ya koma baya ya shiga unguwannin da aka gina a bayansu, ciki har da sassan Cinco Ranch da ke wajen Katy, sannan da aka buɗe ƙofofin madatsun, na ƙasa a bakin rafin Buffalo Bayou suka kwashi nasu. Da yawa daga cikin masu gidajen nan an gaya musu abin da aka gaya maka.

Mu da muka saba da gidan bulo, tunaninmu shi ne in ruwa ya shiga a share a shanya katifa. Gidajen nan katako ne da allon farar ƙasa, da auduga mai tare zafi a tsakani. Mun je taya wani maƙwabci aiki bayan ruwa ya janye. Ruwan bai wuce ƙwauri ba, amma sai da muka yanke bangon kowane ɗaki daga ƙasa har ƙugu, muka zaro audugar tana ɗiga, baƙin fumfuna ya riga ya fara hawa katako. Kafet, kujeru, firji, kabad ɗin kicin, littattafan yara, duk aka jibge a bakin titi, layin gaba ɗaya yana wari. Ba shi da inshorar ambaliya. Tallafin FEMA ya zo, amma tallafi ne na rage raɗaɗi, ba ya gina gida. Sauran bashi ya ci daga SBA, hukumar gwamnati mai ba da rance bayan bala'i, ya haɗa da bashin gidan yana biya. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan raina yana ɓaci, domin abin da zai biya a shekara bai kai kuɗin sabon firji da injin wanki ba.

Ka san iyakar NFIP: dala 250,000 a kan ginin, dala 100,000 a kan kayan ciki. Na kayan ciki daban ake saye, ka tabbata an sa maka, kuma ana biyan sa ne bisa darajar kayan bayan sun tsufa, ba kuɗin sabo ba. Ba ta biyan otal ko haya in ka bar gida. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke ba da fiye da haka, ka nemi farashinsu ka gwada, sai dai su ma suna rufe rajista in guguwa ta matso. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko yana da inshorar NFIP a kan gidan, domin ana iya mayar da ita sunanka. Tun da aka sauya tsarin farashi a Oktoban 2021, ana ƙara wa tsofaffin masu inshora a hankali, bai wuce kashi 18 cikin 100 a shekara ba a gidan da mutum yake zaune, don haka gadon tasa kan fi sauƙi wani lokaci.

A takardar inshorar gida, je ka kai tsaye wurin kason da za ka fara biya daga aljihunka in iska ko ƙanƙara ta yi ɓarna. Ba adadi tsayayye ba ne, kaso ne na darajar da aka yi wa ginin. Gidan dala 300,000 da kashi 2 cikin 100, dala 6,000 na farko naka ne. Mutane da yawa sai bayan guguwar Beryl, a Yulin 2024, da bishiyoyi suka faɗa kan rufi da shinge, suka gane haka. Kada araha ta ja ka zuwa kashi 5 in ba ka da kuɗin a ajiye. 'Yan'uwa da ke kusa da gaɓa, irin su Galveston, su kuma sau da yawa inshorar iska daban ce, ta TWIA, ƙungiyar inshorar iska ta Texas. Kai a Katy yawanci tana cikin ta gida, amma ka duba da idonka. Mota ma sai tana da cikakkiyar inshora za a biya in ruwa ya ci ta.

Na san wasu za su kawo maganar halaccin inshora. Wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Ni abin da na gani da idona nake faɗa.

Tun Satumban 2019 dokar Texas ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana ko gidan ya taɓa ambaliya, ko yana cikin yankin da madatsa ke tara ruwa, ko ya taɓa neman inshora ta biya shi ɓarnar ambaliya a kansa. Karanta wannan takarda layi-layi. Sannan ka je unguwar da yamma, ka yi sallama da dattijon da ya daɗe a layin, ka tambaye shi ina ruwa ya tsaya a 2017. Ranar da ka tare, ka zagaya kowane ɗaki da waya ka ɗauki bidiyon kayanka, ka ajiye shi a intanet tare da hoton takardun inshorar. In ejan ya turo maka farashin, ka rufe suna da adireshi ka sa a nan mu duba tare kafin ka biya.