Amsar murya kan gasa haƙori da ruwan zafi

Salamu alaikum. To ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce haƙori ya hana maigidanki barci kwana biyu, kuncinsa ya fara tashi, wai ko ki gasa masa da tsumma da ruwan zafi. Ni dai abin da na ji a maganar nan, hanyar da za ku kauce wa asibiti kike nema.

Kar ki gasa. Don Allah kar ki gasa. In dai kunci ya tashi, yawanci mugunya ce ta taru a gindin haƙorin, shi kuwa zafi ƙara jawo jini yake wajen, kumburi ya ƙaru, zugi ya ƙaru. Ƙanƙara za ki naɗe a tawul, ya ɗora a kuncin minti 15, ya sauke ya huta, ya sake.

Ni ganau ce ba jiyau ba. Hunturun bara waccan turmina na ƙasa ya yi rami, wata maƙwabciyata ta ce in ɗumama tsumma a bakin kurfoti in riƙa dannawa. A daren kam na ji sauƙi. Da asuba na tashi alwala, baki ya ƙi buɗuwa, ko cokalin koko ba ya shiga. Ita ce dai ta ƙara ja na wajen wani mai hayaƙi, wai zai fitar min da tsutsa. Ya karɓe kuɗina, ya nuna min wasu farare-farare a kwanon ruwa. Wace tsutsa? Ƙwayoyin cuta ne da zaƙi suke cin haƙori. Har yau in na bi ta layin nan raina sai ya ɓaci, mutum yana kuka kana... kai, a bar maganar.

Af, bari in gyara, ba kowane ɗumi na hana ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kofi ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya kurkure ya tofar. Kanumfari ma yana ɗan kwantar da zugin. Farasitamol haɗiyewa zai yi, kar ya daka asfirin ya cusa a ramin, yana ƙona dasashi.

Gobe da sassafe ku nufi sashen haƙori, na asibitin Murtala ko na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kano. In kuwa zazzaɓi ya rufe shi, ko kumburin ya gangaro wuya, ko ya kasa haɗiyar yawu, kar ku jira gari ya waye, ku tari adaidaita yanzun nan.